Rediyo a Kan Dutse, Akala a Ƙasa: Nazari Kan Mafarin Tashoshin Nesa Masu Sauya Firikwansi

Muryar da aka ɗora a zangon mita biyu, wato daga megahaz 144 zuwa 148 a Amurka, ba ta da halin gajeren zango. Ba ta hawa samaniya ta faɗo a wata nahiya. Inda ido ya tsaya, nan take tsayawa, sai ɗan ƙari kaɗan. Eriyar da aka kafa a tsayin mita 10 sararinta bai wuce kilomita 13 ba, amma wadda aka kai tsayin mita 1,700 tana hango wajen kilomita 170. Birnin Los Anjeles kuwa a kwari yake zaune, duwatsu sun yi masa zobe: Dutsen Wilson da Dutsen Santiago kowanne ya ɗara mita 1,700. Shi ya sa tun tuni masu rediyon sha'awa na kudancin Kalifoniya, mutanen da ke da lasisin yin oba-oba don nishaɗi da gwaje-gwaje ba don neman kuɗi ba, suka sa wa ƙololuwar duwatsun nan ido. Tun a shekarun 1950 Art Gentry ya kafa rifitarsa mai lambar kira K6MYK a Dutsen Lee, dutsen da ke ɗauke da allon nan na Hollywood, kuma a lokacin da AM take aiki, ba da FM ba.

Abu biyu ake kaiwa kan dutse, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Na farko rifita: tana saurare a firikwansi ɗaya, tana maimaita abin da ta ji a wani, nan take, don amfanin duk wanda ya shigo. A zangon mita biyu an saba barin tazarar kilohaz 600 tsakanin kunnenta da bakinta, misali ta ji a 146.34 ta faɗa a 146.94. Na biyu shi ne tashar nesa. Ita wannan rediyon mutum ce ta yau da kullum, irin wadda zai ajiye a ɗakinsa, sai dai an ɗauke ta an kai kan dutse, shi kuma ya zauna a gida ko a mota yana juya ta ta wata hanyar rediyo ta dabam, galibi a zangon megahaz 440. Yana magana a 440, dutse ya karɓa ya fitar a mita biyu. Abin da dutse ya jiyo a mita biyu ya sauko masa ta 440. Tamkar ɗan aike ne da aka zaunar a saman hasumiya, yana yi wa maigida shela yana kuma kawo masa rahoton abin da ya jiyo.

Abin da nake son nunawa shi ne, a tarihin tashar nesa, zuwan sintesaiza, na'urar da ke haɗa kowace firikwansi daga kiristal guda, shi ne rabin aikin mai sauƙi. Mai wuyar shi ne yadda mutumin da ke ƙasa zai gaya wa rediyon da ba ya gani inda za ta je, ya kuma tabbatar can ɗin ta je. Shekara goma, daga farkon shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980, a kan wannan aka yi ta fama.

Zamanin kiristal

Kayan aikin farko ba don 'yan sha'awa aka ƙera su ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta matse layukan rediyon 'yan sanda da tasi da kamfanoni don a samu gurbin ƙarin masu amfani. Rediyoyi masu ɗimbin yawa na Motorola da General Electric da RCA suka tashi daga aiki, aka yi gwanjonsu da araha. Su 'yan sha'awa suka kwasa, suka karkato da su daga wajen megahaz 150 zuwa 146. Mujallar 73 ta Wayne Green ta yi ta tallata wannan sabon salo na FM, a 1969 kuma Ken Sessions ya fitar da littafi sukutum a kan rifitocin FM.

Waɗannan rediyoyi da kiristal suke aiki, ɗan yankin dutsen ƙanƙara da aka goge shi har ya riƙa kaɗawa a ƙayyadadden sauri. Kowane layi kiristal biyu yake ci, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa. Ba a yanka kiristal a 146 kai tsaye. Ana yanka shi ƙasa sosai, rediyon ta ninka. In rediyon mai ninkawa sau 12 ce, mai son magana a 146.52 kiristal ɗin megahaz 12.21 zai yi oda, ya jira kamfani irin International Crystal na birnin Oklahoma ya yanka ya aiko ta gidan waya. In ya iso, sai a ɗauki mota a hau dutse, a buɗe akwati, a soka shi, a daidaita da ɗan sukundireba. Lokacin hunturu, in ƙanƙara ta rufe hanya, sai haƙuri.

Saboda haka tashar nesa ta wancan zamani layi ɗaya ne da ita, ko biyu, ko huɗu. Wadda ta kai takwas ta zama abin kwatance. Zaɓen layi kuwa da faifan bugun tarho ake yi, irin mai juyawa da yatsa. Kowane bugu yana katse wani sauti da ake aikawa sama, a can kuma wani makunni mai taku, irin na tsofaffin ofisoshin tarho, yana matsawa mataki ɗaya. A nan akwai wani alheri da ba a lura da shi ba sai da ya gushe: rediyon kiristal ba ta iya ɓata. Ko makunnin ya yi tsalle ya sauka inda ba a nufa ba, cikin layukan da mai tashar ya zaɓa da hannunsa zai sauka. Iyakar ɓarnar ke nan.

Yadda sintesaiza ke aiki

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1932 wani injiniya Bafaranshe, Henri de Bellescize, ya bayyana da'irar da ke ɗaure kaɗawar wata na'ura da ta wata. Abin da ya sauya a wajen 1970 shi ne farashi: sassan da a da sai an cika akwati da su suka dawo 'yan ƙwayoyin lantarki da ake saye a shago, irin su MC4044 na Motorola da CD4046 na RCA.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Akwai kiristal guda mai inganci, ana rarraba kaɗawarsa har ta sauko zuwa girman takun da ake so, a ce kilohaz 5. Akwai kuma wata na'ura mai kaɗawa da saurinta ke bin ƙarfin lantarkin da aka ba ta. Ita ma ana raba kaɗawarta da wata lamba. Sai a gwada sakamakon biyu: in ta yi gaba a ja ta baya, in ta yi baya a tura ta gaba, har su daidaita. Ke nan firikwansin da ke fita shi ne takun sau waccan lambar. Kilohaz 5 sau 29,304 ya ba da 146.520. A ƙara ɗaya a lambar, an koma 146.525. Firikwansi ta tashi daga abin da ake yankawa a dutse, ta zama lamba, lamba kuwa ana iya aika ta daga nesa.

A takarda ke nan. A aikace ƙwayoyin ƙidaya na lokacin ba sa iya bin saurin megahaz 146, dole a yi dabara. Wata hanyar ita ce a sa sintesaiza ta yi aiki a gurbin kiristal, a wajen megahaz 6 ko 12, rediyon ta ninka kamar yadda ta saba. Haka akwatin Channelizer na kamfanin GLB da ke Buffalo ta jihar New York yake, wanda aka riƙa sayarwa a farkon shekarun 1970 don a jona wa rediyoyin kiristal. Illar ita ce, duk ƙazantar da ke cikin siginar, rediyon za ta ninka ta tare da firikwansin. Kuma in ana ninkawa sau 12, takun kilohaz 5 ya koma ɗari huɗu da 'yan kai na haz a ciki, wanda ya faɗo tsakiyar zangon muryar mutum: ko dai a ji shi yana kuka a bayan magana, ko a tace shi sosai da'irar ta yi nawa wajen kamawa. Kamfanoni ma sun sha wannan ɗacin. Heathkit ta janye rediyonta HW-2026 daga kasuwa a tsakiyar shekarun 1970 saboda siginonin banza da take fitarwa, ta maye gurbinta da HW-2036.

A ƙasa, ƙazantar sintesaiza maƙwabta kaɗan take damu. A kan dutse kuwa, inda eriyar 'yan sanda da ta 'yan kwana-kwana da ta gidajen talabijin suke kafaɗa da kafaɗa, ɗan ɗigon sigina da ya zube a layin wani yana iya jawo wa ƙungiya kora daga wurin. Matsalar tana da fuska ta biyu. Rediyoyin kamfani irin su Motrac da Micor da MASTR suna da matattara mai tsauri a bakin kunnensu, shi ya sa suke jure hayaniyar dutse, amma wannan matattarar ba ta barin su yawo nesa da inda aka daidaita su. Rediyoyin 'yan sha'awa suna yawo ko'ina cikin zangon, amma da an kai su sama sai siginonin maƙwabta su cakuɗe a cikinsu su cika su da gurnani. Duk mai gina tashar nesa sai ya zaɓi wadda zai yi haƙuri da ita, ko ya sayi rediyon 'yan sha'awa ya sa mata matattarar ƙarfe a gaba.

Daga yatsa zuwa lamba

Hanyar aika lambar daga kamfanin tarho ta fito. A 1963 Bell ya fara sa wa jama'a tarho mai maɓallai, Touch-Tone. Kowane maɓalli sauti biyu yake fitarwa lokaci guda, ɗaya daga rukunin ƙasa, haz 697, 770, 852 ko 941, ɗaya daga rukunin sama, 1209, 1336, 1477 ko 1633. Maɓallin 5, alal misali, 770 ne da 1336. Sautin 1633 babu shi a tarhon gida, na jerin A, B, C, D ne da tsarin tarhon sojan Amurka ya yi amfani da shi, don haka masu tashoshi suka so shi wajen ɓoye umarnin da ba na kowa ba.

Fitar da sautin ba wuya. Gane shi a kan dutse shi ne aiki. Kwantirolan farko, wato na'urorin da ke karɓar umarni a kan dutse, da ƙwayar NE567 ta Signetics aka gina su, kowace guda sauti ɗaya take ganewa, saboda haka sai an jera bakwai ko takwas, kowace da abin daidaita ta. Zafi ya tashi, su zame. Sanyi ya sauko, su zame. Muryar mutum ma takan yi kama da sautin, na'ura ta ɗauka umarni ne. Ga shi kuma FM na ƙara wa sautin sama ƙarfi a wajen aikawa ta rage a wajen karɓa, in ba a daidaita ba sai ɗaya sautin ya danne ɗaya, maɓalli ya ƙi shiga. Motar da ke gefen iyakar tasha, siginarta na yankewa, tana iya latsa 5 sau ɗaya a karanta 55. Sai da ƙwayoyi masu gane duka sautukan a dunƙule, da kiristal ke riƙe da su, suka fito a ƙarshen shekarun 1970, daga kamfanoni irin su Mostek da Silicon Systems da Mitel, sannan aka samu sa'ida.

Rediyon da ta buɗe ƙofa ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce IC-22S ta Icom, wadda ta fito a 1976. Mai wat 10 ce, layi 22, amma babu kiristal na layi a cikinta. Wani ɗan allo ne mai ramuka, mai rediyo ya soka dayod ya liƙe da dalma. A samfurin Amurka takunta kilohaz 15 ne, lissafinta kuma shi ne a cire 144.39 daga firikwansin da ake so a raba da 0.015. Mai son 146.52 zai samu 142, wato 128 da 8 da 4 da 2, sai ya sa dayod huɗu a waɗannan gurabe. Mai son 146.94 zai samu 170. Masu gina tashoshi nan da nan suka gane cewa allon ba komai yake yi ba illa ɗora lantarki a kan wasu daga cikin wayoyi takwas. A ajiye allon, a jawo wayoyin takwas zuwa kwantirola, shi ke nan rediyon ta miƙa wuya. Saura matsala guda: ɗan Adam 652, wato 146.52 a taƙaice, yake son latsawa, rediyo 142 take ji. Ko dai kowa ya riƙa yawo da takardar lissafi a mota, ko a ƙona teburin fassarar a cikin ƙwayar ajiya. Duka biyun an yi.

IC-2A, 'yar ƙaramar rediyon hannu da Icom ta fitar wajen 1980, ta kawar da wannan ma. Ƙafafun juyawa uku ne a kanta, da ɗan makunnin ƙara kilohaz 5. Kowace ƙafa wayoyi huɗu take fitarwa masu ɗauke da lambarta ita kaɗai: 6 ita ce 0110, 5 ita ce 0101, 2 ita ce 0010. Abin da aka latsa a ƙasa shi ake ɗora wa wayoyin, babu fassara. Abin dariya ne a ga akwatin ƙarfe da ya kai tsayin mutum, cike da kayan Motorola, a kusurwarsa an ɗaure 'yar rediyon aljihu mai wat ɗaya da rabi da aka fede, amma daga wannan tsayin wat ɗaya da rabi ya ishi gari da kewayensa.

Ina take yanzu?

A nan tambayar da kiristal bai taɓa tayarwa ba ta taso. An latsa lamba, amma me ya shiga? Idan 6 ta koma 8, rediyo ta fita daga zangon 'yan sha'awa ta shiga na hukuma. Idan sintesaiza ta kasa kamawa saboda sanyi, tana iya share zangon gaba ɗaya tana aikawa. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, ƙwayoyin da ke riƙe da lambar za su farka da duk abin da suka ga dama. Tsawa kuwa a kan dutse baƙuwar kullum ce.

Doka ba ta ɗauki wannan da wasa ba. A 1972 FCC ta fitar da ƙa'idoji masu tsauri a ƙarƙashin takardar da aka sani da lamba 18803: rifita sai da lasisinta na musamman da lambar kira mai farawa da WR, sarrafa tasha ta rediyo kuma sai a zangon megahaz 220 zuwa sama. A 1978 aka sassauta, aka daina ba da lasisin rifita na dabam. Amma ginshiƙin bai motsa ba: duk abin da ya fita daga tasha, akwai mai lasisin da zai amsa. Wannan ne ya sa tashoshin nesa suka kasance na ƙungiya mai rufaffiyar ƙofa, ba kamar rifitar mita biyu da kowa ke shiga ba. An sha zargin masu su da girman kai, kuma ba a rasa masu girman kan a cikinsu ba. Amma mutumin da ya miƙa wa baƙo lambobin da ke juya rediyo daga kan Dutsen Santiago, lasisinsa ya miƙa masa.

Maganin da aka yi ta tarawa kashi-kashi ne. Aka sa wayar da ke hana aikawa in da'irar ba ta kama ba. Aka sa shingen da ke ƙin karɓar lambar da ta fita daga zango. Aka sa agogon da ke kashe rediyon, ko ya mayar da ita layinta na gida, in an bar ta ba kowa. Mafi muhimmanci, aka koya wa dutse ya maimaita abin da aka gaya masa, da farko da harufan Morse. Duk waɗannan da ƙwayoyin ƙidaya aka fara gina su, allo bayan allo, kuma kowace sabuwar dabara tana nufin sabon allo da sabuwar hawa dutse. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙarama, wadda Intel ta yaɗa da 8080 a 1974, ita ta mayar da su rubutaccen umarni. A farkon shekarun 1980 kamfanin Advanced Computer Controls na Kalifoniya ya fito da kwantirola RC-850, mai muryar roba da ke karanta firikwansi da baki, kamfanin kuma ya yi ɗan allon da ke haɗa kwantirolansa da rediyoyin Icom masu ƙafafun juyawa. Daga nan tashar nesa mai sauya firikwansi ta daina zama sai gwanin dalma. Ta zama kayan da ƙungiya ke oda ta ɗaura.

Rikicin da fasaha ba ta warware ba

Duk waɗannan shingaye mai tasha suke karewa daga hukuma. Ba sa kare maƙwabta daga mai tasha. Tsarin rabon layuka gaba ɗaya an gina shi a kan zaton cewa tashar sama a wuri ɗaya take zaune, mai yawo kuma a ƙasa yake. Da wannan zaton ake ba rifita biyu layi ɗaya in akwai isasshiyar tazara a tsakaninsu. Tashar nesa mai sintesaiza ta karya zaton: ga ta a sama, ga ta tana yawo. In aka juya ta zuwa kunnen wata rifita, tana iya tayar da biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam lokaci guda. In ta sauka a 146.52, layin kira na ƙasa baki ɗaya, sai ta danne hirarrakin da masu motoci ke yi a kwaruruka da dama, waɗanda su ba sa jin juna, domin a FM sigina mai ƙarfi ba ta cakuɗa da mai rauni, shafe ta take yi.

Mutanen kudancin Kalifoniya da al'ada suka rage kaifin abin. 146.46 ya zama zauren da tashoshin nesa ke haɗuwa, an kuma saba a kunna kunne kawai a saurara kafin a buɗe baki, shi ya sa kwantirola ke raba umarnin saurare da na aikawa. Ƙungiyar da ke rabon layukan 440 a yankin, SCRRBA, ta sa tashoshin nesa a cikin sunanta tare da rifitoci, ta mita biyu kuma, TASMA, dabam take. Su ma rifitoci suka fara kulle kunnensu da wani sauti na ƙasa-ƙasa, irin wanda Motorola ke kira Private Line, abin da ya tilasta wa tashar nesa ta koyi zaɓen wannan sautin daga nesa shi ma. Wasu kuma suka bi wata hanyar: suka ɗaura dutse da dutse a zangon 420 zuwa 450, kamar tsarin Cactus Intertie da ya faro a shekarun 1970 ya miƙe daga Kalifoniya ta Arizona da New Mexico har Texas, ta yadda mutum a Los Anjeles zai iya kunna rediyon mita biyu a wata jiha.

Mai karatu a Nijeriya ko Nijar da ke sha'awar gwada irin wannan ya lura da bambanci guda: a yankinmu, kamar Turai, zangon mita biyu daga 144 zuwa 146 ya tsaya. Kusan duk firikwansin da aka ambata a sama, har da 146.52 da 146.94, suna wajen abin da lasisin mai lambar kira 5N ko 5U ya halatta, kuma rediyon da aka ƙera don kasuwar Amurka ba za ta hana shi shiga can ba. Ya fara da gina shingen, kafin ya jona eriya.